Kwali da Burushi: Nazari Kan Manyan da Ke Tara 'Yan Mutum-mutumai

A watan Agustan 2024 wani gidan gwanjo na Amurka mai suna Goldin ya sayar da ɗan mutum-mutumin roba, wanda tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, a kan dala 1,342,000. Siffar Boba Fett ce, wani maharbi mai kwalkwali a finafinan Star Wars, wadda kamfanin Kenner ya ƙera a 1979 da ɗan makami a gadon baya mai cilla harsashin roba. Ba ta taɓa shiga kanti ba. A ƙarshen 1978 wani yaro ya rasu bayan irin wannan harsashi, na abin wasan wani kamfani daban, ya shaƙe shi, sai Kenner ya fasa, ya manne harsashin ya daina motsi. 'Yan samfuran gwajin da suka saura a hannun ma'aikata su ne ake rububinsu yau. Irin wannan labari shi ke isowa kunnen jama'a duk lokacin da aka ce manya na tara kayan wasa, kuma shi ke sa mai ji ya girgiza kai. Amma gwanjo ɓangare ɗaya ne na al'amarin. Mutum biyu ne ke shiga kanti ɗaya su fito da kwali iri ɗaya. Na farko ya kai nasa gida ya jera a kanta, ko salatif ɗinsa bai ɓare ba. Na biyu tun kafin dare ya farke kwalin, ya ɗauko reza da sanfefa da burushi, ya shiga yanka da guga da fenti har abin ya koma wata siffa da kamfanin bai ƙera ba. Suna ɗaya ake kiran su da shi, alhali ayyukansu sun sha bamban. Abin da nake son kafawa shi ne, na biyun ne ke riƙe da abin da ya cancanci lokaci da kuɗin babban mutum, kasuwa kuwa, don ribar kanta, kullum kora mutane take yi wajen na farkon.

Ya kamata a fara sanin wanne ya riga wanne. Tun kafin roba, garin Nuremberg na Jamus ya yi suna wajen zubin ƙananan sojojin kuza. A 1893 kamfanin William Britain da ke Landan ya fito da dabarar zuba sojojin darma masu rami a ciki, darma ta ragu, farashi ya sauka, sojojin suka cika gidajen Ingila. Marubucin nan H. G. Wells ya wallafa Little Wars a 1913, littafin ƙa'idojin gwabza yaƙi da waɗannan sojoji a daɓen ɗaki, wasan da shi da abokansa magidanta suke yi. A 1935 aka kafa ƙungiyar British Model Soldier Society, kuma abin da 'ya'yanta suka shahara da shi shi ne kankare fentin kamfani, da sauya kai ko hannu, da zana kakin wata runduna daidai da yadda tarihi ya nuna shi, har maɓallai da launin wuyan riga. Ke nan aikin hannu ne asalin shigar manya cikin wannan sha'ani. Girmama kwali rufaffe baƙon abu ne, kuma ana iya nuna inda ya tsiro.

Da fim ɗin Star Wars ya fito a 1977, nasararsa ta zo wa Kenner ba shiri, har lokacin Kirsimeti ya ƙarato babu abin sayarwa. Sai kamfanin ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawarin cewa za a aiko wa yaro siffofi huɗu ta gidan waya a shekara mai zuwa. Daga 1978 zuwa 1985 an sayar da waɗannan siffofi sama da miliyan 300. Yara suka yi da su abin da yara ke yi: suka tauna kawunansu, suka ɓatar da 'yan bindigoginsu, suka binne su a yashi, iyaye mata suka share sauran suka zubar. Bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, yaran sun zama ma'aikata masu albashi, suka koma neman abin da suka ɓatar, sai ga shi ɗan abin da ya tsira a kwalinsa, wanda aka manta a bayan sito ko saman kabad, ya yi tsada mai ban mamaki. A nan ne dai ake yawan kuskuren lissafi. Tsadar wanda ba a buɗe ba ta samo asali ne daga miliyoyin da aka buɗe aka lalata. Da aka dawo da siffofin Star Wars kasuwa a 1995, manya da suka ji labarin tsadar na da suka saye su kwali-kwali suka ɓoye, kowa na jiran ranar arziki. Yawancin waɗannan yau kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, domin abin da kowa ya adana ba ya ƙaranci. Mai ajiyar kwali yana neman maimaita wani abu ne da ya faru bisa haɗari, kuma yawan masu neman maimaita shi ne ke hana shi sake faruwa.

Duk da haka an gina sana'a sukutum a kan wannan fata. Akwai kamfanoni, irin su Action Figure Authority a Amurka, da ake aika musu abin wasa su duba shi su ba shi maki cikin 100. Suna duba kusurwar kwali ko ta lanƙwashe, da robar gaban kwalin ko ta dusashe, sannan su rufe shi ruf a akwatin roba mai haske, wanda in aka buɗe makin ya tashi a banza. Daga ranar mai shi ba zai ƙara taɓa abinsa ba. Bahaushe ba zai yi mamakin kayan da ake jerawa ba a amfani da su ba, tun da ya san jeren kwalla da tangaran a ɗakin amarya, kwanukan da ba a cin tuwo a ciki, ado ne kuma ajiya ce ta ranar buƙata. Sai dai kwano ko an daina yayinsa kwano ne, zai ɗauki abinci, kuma ba ya ruɓewa a kanta. Roba tana ruɓewa. Sinadarin da ake sa wa robar waɗannan siffofi don ta yi laushi yana tsattsafowa da tsufa, ya bar jikin yana danƙo, kuma rufewa a kwali, inda iska ba ta ratsawa, tana ƙara tsananta hakan. Robar gaban kwali tana komawa rawaya, gam ɗinta ya saki. Ƙananan sojojin G.I. Joe na shekarun 1980 wani zoben roba ne ke riƙe ƙugunsu daga ciki, zoben kan bushe ya tsinke, a wayi gari soja ya rabe biyu a cikin kwalin da ba a taɓa buɗewa ba. Wanda ya buɗe nasa zai kwance ƙusa ɗaya ya sa sabon zobe cikin minti kaɗan. Wanda ya rufe sai dai ya zuba ido.

Tun da ƙarancin gaske ba ya maimaituwa, sai kamfanoni suka koyi ƙera shi da gangan. Mafi bayyanar wannan dabara ita ce kwalin da ba a ganin cikinsa, wanda kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin, da Wang Ning ya kafa a Beijing a 2010, ya gina arzikinsa a kai. Mai saye ya biya kuɗi bai san wace siffa zai samu ba cikin jerin, kuma a kowane jeri akwai ta ɓoye, wadda a wasu jeri ɗaya ce cikin kwali 72. Labubu, ɗan dodon nan mai haƙora da dogayen kunnuwa wanda mai zane Kasing Lung ya ƙirƙira a 2015, ya shiga hannun Pop Mart a 2019. Kuɗin shigar kamfanin ya haura yuan biliyan 13 a 2024. A watan Mayun 2025 sai da aka dakatar da sayar da Labubu a kantunan kamfanin na Birtaniya saboda rigingimun masu layi, a watan Yuni kuma aka sayar da wani ƙato mai tsawon santimita 131 a gwanjon Beijing kan yuan miliyan 1.08. Abin da ake saye a nan faɗuwar gaban lokacin farke kwali ce, kuma hukumomin Sin sun gane kusancin hakan da caca, shi ya sa a 2023 suka hana sayar wa yaran da ba su kai shekara 8 ba irin wannan kwali. Ƙarshen kayan yayi kuwa an gan shi a wajen Funko, mai siffofin nan masu ƙaton kai: a watan Maris na 2023 kamfanin ya sanar cewa zai zubar da kayan da suka kai dala miliyan 30 zuwa 36, saboda kuɗin ajiye su a sito ya fi abin da za su kawo.

Ɗayar hanyar, ta mai reza da burushi, babu inda ta fi fitowa sarari kamar Japan. Shirin talabijin na zane mai suna Mobile Suit Gundam, na Yoshiyuki Tomino, ya fara a 1979, labarin yaƙi da manyan injuna masu siffar mutum waɗanda matuƙi ke shiga cikinsu. Bai samu 'yan kallo sosai ba, har aka datse shi a kashi na 43. A watan Yulin 1980, bayan shirin ya ƙare, kamfanin Bandai ya fitar da injin a gutsattsari cikin kwali, an rage girmansa sau 144, a kan yen 300. Farar roba ce launi ɗaya, sai mai saye ya yanko kowane gutsure daga firam ɗinsa, ya haɗa da gam, ya yi fenti da kansa. Wannan rashin kammaluwa shi ne ya zama ƙarfin abin. Matasa da manyan da suka saba haɗa ƙananan tankokin yaƙi da jiragen sama suka ɗauko dabarunsu suka ɗora a kan injin da babu shi a duniya. Suka fara tambayoyin da mai zanen talabijin bai yi ba: in wannan inji ya yi wata uku yana yaƙi a hamada, ina yashi zai kankare masa fenti? Ta ina mai zai zubo? Wace gaɓa ce za ta fara tsatsa? Amsar kowace tambaya aiki ne na kwanaki. Sai an shafe layin da ke tsakanin gutsure biyu da gam da sanfefa har yatsa ya kasa jin sa, an zurfafa tsagogin jiki da tsinin ƙarfe, an zuba fenti mai ruwa-ruwa ya bi tsagar ya tsaya, an ɗiga launin ƙarfe a gefunan da duka zai fi samu, kuma a san inda za a tsaya, domin tsatsar da ta yi yawa ƙarya take zama.

Abin da ya biyo baya shi ne hujja mafi ƙarfi a wannan muhawara. Mujallun masu wannan sana'a, musamman Hobby Japan, suka riƙa buga hotunan injunan da masu haɗawa suka sauya, na hamada da na leƙen asiri da na ɗaukar manyan bindigogi, waɗanda ba su fito a talabijin ba. Wata ƙungiyar matasa mai suna Stream Base ta yi fice a wannan. A 1983 Bandai ya fitar da jeri guda, MSV, wanda ya tsiro daga zane-zanen Kunio Okawara da ayyukan waɗannan masu haɗawa, ɗaya daga cikinsu kuma, Katsumi Kawaguchi, daga baya ya zama ma'aikacin Bandai ɗin kansa. Wato dabara ta taso daga teburin mai saye ta koma masana'anta. Zuwa 2021 an fitar da waɗannan kwalaye sama da miliyan 700, kuma tun 2011 ake gasar duniya ta masu haɗa su, inda alƙalai ke auna ƙira da fenti da tunanin da ke bayan aikin. Babu wanda ke samun maki a wannan gasa don abin da ya saya yana da wuyar samu. Ko jiragen sararin samaniyar da aka gani a Star Wars ɗin kansa, masu ƙera su sun lulluɓe jikinsu ne da gutsattsarin tankoki da jiragen ruwa na roba da suka farko daga kwalayen kanti. Da waɗancan ma'aikata masu girmama kwali ne, da babu fim ɗin da masu girmama kwali ke tara kayansa.

A Ingila kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma yanzu yake Nottingham, ya tafi da wannan tsari har ƙarshensa. Mayaƙan wasanninsa, Warhammer na 1983 da Warhammer 40,000 na 1987, tsawon yawancinsu 'yan santimita ne kawai, kuma da launin toka ake sayar da su. Mai son ya fito da runduna dole ya koyi tsarma fenti da ruwa har ya yi shafi biyu ko uku ba tare da ya toshe zanen jiki ba, ya koyi zuba duhu a lunguna da ɗora haske a gefuna, ya zana idon da bai kai milimita ɗaya ba. Gwanaye sun kai ga zana walƙiyar takobi ba da fenti mai ƙyalli ba, da toka-toka da shuɗi da fari kawai, suna lissafin inda haske zai faɗo da inda zai koma, dabarar da masu zanen allo na Turai suka yi ƙarnuka suna amfani da ita. Wasu kuma sukan murza wani ƙullun gam mai kashi biyu, shuɗi da rawaya, ya zama kore, su sassaƙa alkyabba ko gemu ko hannun da kamfani bai yi ba. Tun 1987 ake gasar fenti ta Golden Demon, wanda ya fi kowa a ba shi takobi.

Daga sauya na wani zuwa ƙera na kai taki ɗaya ne, kuma mutane da yawa sun taka shi. A bikin Wonder Festival, da ake yi sau biyu a shekara a Chiba kusa da Tokyo, wanda kamfanin Kaiyodo ke gudanarwa tun 1992, akwai wani tsari mai hikima: mai sassaƙa a gida zai nemi izini tun da watanni, masu haƙƙin mallakar siffar su duba aikinsa, su ba shi lasisin kwana ɗaya tak, ya sayar da 'yan ƙwayoyin da ya zuba a zauren a ranar, ya biya su kasonsu. A Hong Kong, Michael Lau ya fara ne da sauya jikin manyan sojojin roba masu tsawon santimita 30, yana musu sababbin kawuna da tufafin samarin titi, ya baje kolin 99 daga cikinsu a 1999, kuma daga nan ake ƙirga farkon kayan wasan da masu zane ke ƙerawa don manya. Kamfanin Kidrobot na Amurka ya fitar da Munny, farin jiki da babu ido, wanda bai da wani amfani sai a zana shi. A tsibirin Tasmania kuwa Sonia Singh ta yi suna a 2015 da sayen tsofaffin 'yan tsanan Bratz na gwanjo, ta goge musu kwalliyar da ta wuce ƙima, ta zana musu fuskar yara na gaske, mahaifiyarta na saƙa musu riguna. Da aikin hannunta ta faɗi ra'ayinta game da abin da ake koya wa 'yan mata.

Mai ajiya yana da abin cewa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Zai ce in kowa ya yanka ya fenta, wa zai bar wa na baya shaidar yadda abin yake? Gidan tarihin wasa na The Strong da ke Rochester a jihar New York an gina shi ne a kan tarin 'yan tsana da kayan wasan da Margaret Woodbury Strong ta bari da ta rasu a 1969. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ɗauki abin da ya saura ƙwaya goma a duniya ya sa masa reza ya yi ɓarna. Akwai kuma masu tarawa da suka san tambarin kowace masana'anta a bayan ƙafar siffa, na Hong Kong ne ko na Taiwan, suka san wane mazubi ya riga wane, suna gane jabu da nauyinsa a tafin hannu. Waɗannan masu ilimi ne, kuma ba su nake nufi ba. Iliminsu daga juya abin da dubawa da gwadawa ya zo, wato su ma ta hannu suka bi. Wanda nake nufi shi ne wanda bai san komai game da abin da ya ajiye ba sai farashinsa na makon jiya. Sannan hujjar adana tarihi ba ta hawa kan abin da ake zubawa miliyan-miliyan a bana, wanda kamfaninsa ma yana da samfurinsa a ajiye.

Suka ta biyu ita ce wadda ta fi yawa a bakin mutane, cewa duk wannan ƙin girma ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kamfanin binciken kasuwa na Circana ya bayyana cewa a farkon 2024 manya masu saya wa kansu sun zarce yara 'yan shekara 3 zuwa 5 wajen kuɗin kayan wasa a Amurka, kuma masu talla sun san begen ƙuruciya suke sayarwa, shi ya sa suke ta farfaɗo da siffofin shekarun 1980 daidai lokacin da yaran wancan zamani suka fi kuɗi. To amma mene ne halin yarinta da ake gudu ga babba? Son abu yanzu-yanzu ne, da gundura da shi da zarar ya zo hannu, da neman na gaba. Wannan shi ne ainihin halin da kwalin da ba a ganin cikinsa yake shukawa, ko mai sayen ya shekara hamsin. Wanda ya zauna mako uku a kan siffa ɗaya, ya jira shafi ya bushe kafin ya ɗora wani, ya wanke aikin kwana biyar don launin bai zauna ba, yana horar da kansa ne a kan kishiyar wannan hali. Ƙanƙantar abin da ke gabansa ba ta rage haƙurin da aikin ke ci ba.

Mai karatu Musulmi yana da wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi, kuma rashin ladabi ne a tsallake ta. Malaman mazhabar Malikiyya sun haramta ƙera siffar abu mai rai idan mai jiki ce da ke da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, suka keɓe 'yan tsanan yara mata, bisa hadisan da suka nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da su. Rangwamen na yara ne, kuma babu wata hujja ta fasaha da ke cikin wannan nazari da za ta faɗaɗa shi zuwa ga manya. Hukunci na malamai ne. Abin da za a iya cewa shi ne, sana'ar da ake magana a kai ba ta tsaya ga siffar mutum ko dabba ba. Kaso mai girma nata motoci ne da jiragen sama da na ruwa da na ƙasa da gine-gine, kuma dabarun iri ɗaya ne. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a nan. Yaran da ke ƙera mota da karan dawa ko waya ko gwangwanin madara, su yanko taya daga tsohon silifas, su sa mata sitiyari mai tsawo da ke juya ƙafafun gaba da gaske, suna yin abin da mai haɗa Gundam ke yi, wato kallon babban abu da kyau har a gane yadda yake aiki, sannan a maido shi ƙarami. Abin takaici shi ne wannan gwaninta kan mutu da zarar yaro ya tasa, kuma motar roba ta kanti, wadda ta zo a gama, tana kashe ta tun kafin ya tasa.

Suka mafi wuyar amsawa daga cikin gida take fitowa: ashe mai fentin ma ba a aljihun kamfani yake ba? Games Workshop ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a watan Disamban 2024, kuma kuɗin masu burushi ne ya kai shi can, ta mayaƙa da fenti da littattafan ƙa'idoji da ake sabuntawa bayan 'yan shekaru. A 2010 ya maka wani ƙaramin kamfanin Amurka, Chapterhouse Studios, a kotu saboda yana ƙera gutsattsarin da ake sauya mayaƙansa da su, shari'ar da a 2013 kowane ɓangare ya ci wani sashe nata. Masu haɗawa da kansu sun san cutar tara kwalayen da ba za su taɓa samun lokacin haɗawa ba, har su kai rufin ɗaki. Duk wannan haka yake, kuma wanda kwalayensa suka fi burushinsa aiki ya riga ya sauya sheƙa ko bai sani ba. Bambancin yana ga abin da ke saura idan kasuwa ta juya baya. Mai ajiya in farashi ya faɗi ya rasa dalilin ajiyarsa gaba ɗaya. Mai aikin hannu in kamfanin ya rufe gobe, sanin launi da haske da sassaƙa yana nan a yatsunsa, zai ɗora shi a kan wani abu, kamar yadda Lau ya yi, kuma kamar yadda da yawa ke yi yanzu da ƙananan injunan da ke zuba siffa a gida daga zanen kwamfuta.

Kamfani ne ke zaɓar irin mai sayen da zai raina. Wanda ya ƙayyade adadi ya ɓoye siffa a kwali yana kiwon 'yan kasuwa da masu jiran sa'a. Bandai ya daɗe a kan wata hanya daban: yana adana tsofaffin mazubansa a Shizuoka, yana sake zuba kwalayen farkon shekarun 1980 lokaci bayan lokaci, kuma ya yi shekaru masu yawa yana sayar da su a farashin da bai yi nisa da na asali ba. Abin da za a sake zubawa baɗi babu ribar ɓoye shi, don haka sai a buɗe a haɗa, in ya ɓaci a sayi wani. Gaskiya ne kwalayen yanzu sun yi sauƙi, suna zuwa da launukansu, suna haɗuwa ba gam, wasu ma da yatsa ake ɓalle gutsattsarinsu, kuma tsofaffin hannu na ƙorafin an rage wa sana'ar wuya. Ban ga wannan a matsayin babbar barazana ba, domin mai farawa da mai sauƙi shi ne gobe zai ga layin haɗi ya dame shi ya nemi sanfefa. Barazanar ta gaske ta bayyana lokacin annobar korona, da mutane suka zauna a gida buƙata ta ninka, kaya suka yi ƙaranci, masu saye don sayarwa suka riƙa kwashe kantuna suna ninka farashi a intanet. A watan Yulin 2021 wani edita a mujallar Hobby Japan ya rubuta a shafinsa na sada zumunta abin da ke nuna goyon bayan wannan ciniki. Masu karatu suka yi caa, mujallar ta fito ta ba da haƙuri, ta sallame shi daga aiki, ta kuma rage wa shugabanninsa muƙami.